Idan Sakacin Wani Ya Ji Miki Ciwo, Ko Naki Ya Ji Wa Wani

Wannan darasi a kan wani abu ne da yake iya cinye asusun mace a kwana ɗaya, wato rauni. Mace za ta yi wata goma tana zubin ɗari biyar-biyar, ranar da abin hawa ya buge ɗanta sai kuɗin hoton ƙashi da na ɗori da na magani su share komai, har ta koma cin bashi a akwati. Wanda ya yi ɓarnar kuwa ya zo ya ce "sannu, tsautsayi ne," dattawa su ce a bar wa Allah, magana ta mutu.

Ni 'yar Zaitawa ce, a cikin badalar Kano, kuma aikina shi ne zama da ƙungiyoyin adashi na mata muna tattauna hakkokinsu. Cikin birni wuri ne na lunguna matsattsu da gidajen ƙasa masu jingine da juna, ga rijiyoyi a tsakar gida, ga adaidaita sahu a kan titi ba dare ba rana. Abin da yake ji wa mutane ciwo a wajenmu kusan shi ne yake ji musu a ƙauye, sai dai ku kun ƙara da shanu da injin casa. Abin da nake so ku riƙe shi ne: yarda da ƙaddara ba ta soke hakki. Addininmu da ya koya mana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, shi ne kuma ya ɗora diyya a kan wanda ya yi kisa ko rauni bisa kuskure. Dokar ƙasa ma haka ta ce. Kuma maganar fuska biyu gare ta, domin yau ke ce mai neman hakki, gobe ana iya nema a wajenki.

Mene ne sakaci?

Sakaci shi ne mutum ya bar kulawar da duk mai hankali zai yi a irin wannan hali, har wani ya cutu. Ba sai ya yi niyyar cuta ba. Idan da niyya ne, wannan ganganci ke nan, kuma hukuncinsa ya fi tsanani. Kafin a ce wani ya biya, lauya ko alƙali zai duba abubuwa huɗu, ku ma ku riƙa tambayar kanku su:

1. Shin akwai nauyin kula da ke a kansa? Direba yana da nauyin fasinja da masu tafiya a ƙasa. Mai sayar da kunu tana da nauyin mai sha.
2. Shin ya saki wannan nauyi? Misali ya yi gudu a cikin kasuwa, ko ya san birkinsa ba ya ci ya fito da motar.
3. Shin sakacin nasa ne ya jawo raunin? Idan ciwon dama yana nan tun kafin hatsarin, ba za a ɗora masa ba.
4. Shin akwai asarar da za a iya nunawa? Rauni, kuɗin magani, kwanakin da sana'a ta tsaya, ko rai.

Wannan tsari a kotunan Najeriya ya samo asali daga wata shari'a da aka yanke a Birtaniya a 1932. Wata mata a garin Paisley ta sha lemon citta da ƙawarta ta saya mata a 1928, ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a cikin kwalbar, ta yi rashin lafiya. Mai kamfanin ya ce ai ba ita ta saya ba, babu ciniki tsakaninsu. Manyan alƙalai suka ce ko babu ciniki, wajibi ne mutum ya kiyaye duk wanda aikinsa zai iya shafa. Sunan shari'ar Donoghue da Stevenson, kuma har yau ana karanta ta a makarantun lauyoyi. Ku kun san wannan tun a gida da sunan hakkin maƙwabtaka.

Abu ɗaya kuma: idan ke ma da naki sakacin, kamar ki tsallaka titi ba ki duba ba, ba lallai hakkinki ya faɗi gaba ɗaya ba, amma za a rage shi gwargwadon laifinki.

Hatsarin hanya

Wannan shi ne ya fi yawa. Tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin gari a 2013, adaidaita sahu ta zama abin hawan mata, a ƙauye kuma har yanzu babur ne da motar kasuwa. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, doka ta tilasta wa kowane abin hawa yin inshorar da za ta biya wanda aka buge. Tun 1 ga Janairu 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sa kuɗinta a shekara naira 15,000 ga motar gida, 5,000 ga adaidaita sahu, 3,000 ga babur. Ma'anar wannan ita ce, ko direban talaka ne, in takardarsa ta gaskiya ce, akwai kamfanin da za a nemi kuɗin magani a wajensa. Matsalar ita ce takardun jabu sun yi yawa, shi ya sa lambar abin hawa take da muhimmanci, da ita ake binciken ko inshorar tana nan da rai.

Idan direban yaron wani ne, yana cikin aikin uban gidansa lokacin da abin ya faru, to uban gidan ma ana iya kama shi da biya. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ƙungiyoyi da yawa suna sayen babur ko adaidaita su ba wani yana kawo balas. Kafin ku miƙa makulli, ku tabbata yana da lasisi, ku sabunta inshora, ku rubuta yarjejeniya a kan wa zai ɗauki nauyin gyaran birki da taya, da wa zai biya in an buge mutum.

Abinci da abin sha

A nan mu ne aka fi iya kai wa ƙara, domin mu ne masu zoɓo da kunun aya da awara da ɗanwake. Kuna tune da abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021, lokacin da gurɓataccen garin ɗan tsami da garin haɗa lemo suka shiga kasuwa. Mutane suka riƙa amai da fitsarin jini, ɗaruruwa suka kwanta a asibiti, wasu suka rasu, wasu ƙodarsu ta taɓu. Hukumar NAFDAC da hukumar kare hakkin masu saye ta jiha suka shiga kasuwanni suna kwashe kayan. Da yawa daga cikin masu haɗa lemon ba su yi niyyar cutar kowa ba, arha kawai suka bi.

To, ki sani, "ban sani ba" ba kullum take wanke mutum ba. Tambayar da za a yi ita ce: mace mai kula za ta sayi gari marar suna a ƙullin leda ta zuba wa jama'a? Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar kaya. Ki riƙa saye a wajen mutum ɗaya da kika sani, domin in matsala ta taso a iya bin sawu zuwa kansa. Kada ki zuba abin sha a jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko fetur, ko an wanke ta sau goma. Haka wake ko masarar da aka sa wa maganin ƙwari, kada a dafa wa mutane kafin lokacin da aka rubuta a jikin maganin ya cika.

Rijiya, rami da katanga

Hukumar kashe gobara ta Jihar Kano ba wuta kaɗai take kashewa ba, sau da yawa ita ake kira ta ciro yaro daga rijiya ko kududdufi. Malaman mazhabar Malikiyya sun daɗe da yin bayani a kan wannan. Wanda ya haƙa rijiya ko rami a inda ba shi da ikon haƙawa, kamar kan hanyar jama'a, in wani ya faɗa, alhaki yana wuyansa. Haka katangar da ta karkata: idan an gargaɗi mai ita a gaban shaidu, ya samu lokacin gyarawa bai gyara ba, ta faɗo wa mutum, zai biya.

Kun ga amfanin yin magana da wuri ke nan. Idan katangar maƙwabci ta tsage ga damina ta kawo jiki, kada ki tsaya gunaguni a tsakar gida. Ki sa maigida ko wani babba ya faɗa masa a gaban mutum biyu, in bai ji ba a kai wa mai unguwa. Ke ma in kina da rijiya, ki yi mata murfi mai nauyi da yaro ba zai iya ɗagawa ba, musamman in kina sana'ar da yaran mutane suke shigowa saye. Kaskon suyar awara da tafasasshen mai a bakin zaure ma haka, ki kange shi.

Dabbobi

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya yi bayanin cewa mai hawan dabba da mai janta da mai kora ta suna ɗaukar alhakin abin da ta tattake. Ya kuma bambanta ɓarnar gona ta dare da ta rana: da dare nauyin tsare dabba yana kan mai ita. Don haka matar da ta ci bashin ƙungiya ta sayi sa ko rago don kiwo, ta san cewa ɗaure shi yana cikin jarin. In kin san sanki yana tunkuyi, ko karenku yana cizo, kika sake shi, to kin riga kin san haɗarin, ba ki da bakin cewa tsautsayi ne.

Wurin aiki da injina

Injin markaɗe, injin casar shinkafa, injin matsar gyaɗa, duk sun sha cin yatsun mutane da jan mayafi. Wanda ya ɗauki mutum aiki, wajibi ne ya koya masa, ya rufe bel da duk wani abu mai juyawa, ya gyara wayar wuta. Ga masu 'ya'ya ko maza a kamfanonin Sharaɗa da Bompai da Challawa, akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. Mai kamfani ne yake zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun hukumar NSITF, ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo, kuma daga nan ake biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko iyalinsa in ya rasu. Sai dai dole a sanar da shugabannin wurin nan take, a rubuce. Idan ƙungiyarku tana da inji, kada ku bar yaro ƙarami ya kula da shi, kuma mai aiki ta ɗaure mayafinta tamau.

Magani

Ba duk wanda ya rasu a hannun likita ko ungozoma ne aka yi wa sakaci ba. Mai ilimin aikin da ya yi iya abin da ya kamata, ba a kama shi don kawai ba a dace ba. Wanda ake kamawa shi ne wanda ya yi abin da bai iya ba, kamar mai kemis da yake ƙarin ruwa da allurar da ba huruminsa ba, ko wanzamin da ya yi yankan gishiri, ko ƙwararren da ya yi wasa da aikinsa. Likitoci suna da hukumar da take ladabtar da su, MDCN, ana kai mata ƙorafi a rubuce.

Babbar shari'ar da Kano ta gani a wannan fanni ita ce ta Trovan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya yi gwajin sabon magani a Asibitin Zana. Yara 200 aka sa a gwajin, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani maganin da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce ko suka shanye. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin kuma ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, bai amsa laifi ba. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka yi sulhu a 2009 a kan dala miliyan 75, wanda miliyan 35 daga ciki aka ware wa waɗanda abin ya shafa. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar su ne. Shekara 15 ke nan. Darasi biyu nake ɗauka a nan. Na farko, kina da ikon tambayar sunan magani da amfaninsa kafin a ba ɗanki, kuma kada ki dangwala hannu a takardar da ba a karanta miki ba. Na biyu, ki adana katin asibiti kamar yadda kike adana littafin zubinki.

Me ake biya, kuma wa yake da ikon yafewa?

A Babbar Kotu ana lissafa kuɗin magani da na mota da ribar sana'ar da ta tsaya, waɗannan sai da rasit ko shaida. Sannan alƙali ya ƙiyasta na wahala da naƙasa. A kotun shari'ar Musulunci kuwa diyya tana da ma'auni: ta rai raƙuma 100 ce ko dinare 1,000 na zinare, ana juya ta zuwa naira bisa farashin zinare na lokacin. Hannu ɗaya ko ido ɗaya rabin diyya ne, yatsa ɗaya kashi ɗaya cikin goma. A kisan kuskure ba mutum ɗaya ake bar wa nauyin ba, danginsa na wajen uba suna taya shi, kuma ana biya cikin shekara uku.

Ga inda nake so ku buɗe kunne sosai. Diyyar mamaci dukiyar magada ce, ana raba ta kamar gado. Matar mamaci tana da kasonta, 'ya'yansa suna da nasu, uwarsa tana da nata. Abin da muke gani shi ne, a zaman makoki wani baffa ya miƙe ya ce "mun yafe," alhali matar tana cikin ɗaki tana takaba ba wanda ya tambaye ta, ga marayu biyar. Yafiya abu ne mai lada, kuma duk wadda ta yafe nata da zuciya ɗaya Allah ya saka mata. Amma mutum kasonsa kaɗai yake iya yafewa. Dukiyar maraya ba ta kyauta ba ce. Idan haka ta faru da ɗaya daga cikinku, ku raka ta wajen malami masani ko alƙali a yi bayani cikin mutunci, ba da faɗa ba.

Matakan da za a bi

1. Asibiti tukuna. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda yake cikin halin gaggawa. Ko za a je wajen mai ɗori, a fara yin hoto a samu takarda. In hatsarin mota ne, lambar jami'an kiyaye haɗurra ta ƙasa ita ce 122.
2. A rubuta lambar abin hawa, rana da lokaci, da sunayen mutum biyu da suka gani. Mai waya ta ɗauki hoton wurin da na raunin.
3. A sanar da 'yan sanda in abin hanya ne, ko mai unguwa ko dagaci in na cikin gari ne.
4. A tara duk rasit a leda ɗaya, har na kemis. Kuɗin mota a rubuta a littafi.
5. A nemi sulhu. Mai unguwa, dagaci, hakimi da Hisbah duk suna yi. A Kano akwai kuma sashen sulhu na Babbar Kotu. Duk abin da aka amince a rubuta, da adadin kuɗi da ranar biya, shaidu su sa hannu. Kada ki yarda da "an gama magana" alhali ba a san ƙarshen jinya ba.
6. In sulhu ya ƙi, sai kotu. Marar kuɗin lauya ta nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, dukansu suna aiki a Kano.

Kada a yi jinkiri, domin ƙara tana da wa'adi. Idan ma'aikacin gwamnati ne ko hukuma ta yi sakacin a bakin aiki, akwai dokar da ta taƙaita lokacin shigar da ƙara zuwa wata uku kacal. Wadda ta tsaya sai bayan arba'in da takaba, tana iya tarar ƙofa ta rufe, don haka wani namiji ko wata 'yar uwa su fara bin maganar tun da wuri.

Abin da ƙungiya za ta yi

Asusun taimakon gaggawa da muke zubawa kowane mako don irin wannan rana aka yi shi. Ku rubuta a dokokin ƙungiya nawa za a ba mambar da ta ji rauni, ko ɗanta, don kada rashin kuɗin kati ya hana zuwa asibiti. Ku zaɓi mata biyu, ɗaya mai iya rubutu, su zama masu rakiya zuwa asibiti da gaban mai unguwa, domin macen da ta je ita kaɗai cikin tashin hankali ita ake danne wa hakki. Idan kuma mambarku ce ta yi sakacin, ku taimaka mata ta je ta duba majinyaci, ta biya abin da ya hau kanta, ko da kaɗan-kaɗan ne. Gudu da ɓuya su ne suke mai da ƙaramar magana babba.

Tambayoyin tattaunawa a zama na gaba

1. A garinmu, wane irin rauni ne ya fi yawa a shekarar da ta wuce, kuma wa ya biya kuɗin magani?
2. A sana'ar kowace ɗayanmu, mene ne abu ɗaya da zai iya cutar da wani, kuma nawa ne kuɗin gyara shi?
3. Idan aka ce "mun yafe" ba a tambayi matar mamaci ba, wa za mu fara tunkara, kuma da wane lafazi?
4. Su wa za mu zaɓa masu rakiya, kuma a wajen wa ledar takardu za ta zauna?